Murfin Rijiyar Jatau

An ba mu labari, Allah ne masanin gaskiyarsa, cewa a Birnin Kurna an yi wani sarki saurayi ana ce da shi Zakari. Mutumin kirki ne, mai son talakawansa, sai dai yana da hali guda: duk abin da mahaifinsa ya bari, ko tsintsiya ce, ba a taɓa ta. Dokokin marigayi kuwa ya riƙe su gam.

A cikinsu akwai dokar rijiya. Mai son haƙa rijiya sai ya nemi izinin Sarkin Ruwa. Sarkin Ruwa ya tura shi wurin Sarkin Gini, Sarkin Gini ya ce sai mai unguwa ya shaida, mai unguwa kuma ya ce shi ba ya buɗe baki sai ya ji daga Sarkin Ruwa. Wanda ya haƙa ba izini, hukuncinsa a rufe rijiyar, wato a cike ta da ƙasa, shi kuma a fitar da shi daga gari.

To, akwai wani masaƙi mai suna Jatau, a unguwar da babu rijiya ko ɗaya, mata sai sun fita bayan ganuwa su ɗebo a fadama. Bawan Allah ya yi ta zarya tsakanin zaurukan nan har takalminsa ya cinye. Rani ya wuce, wani ranin ya kama. Ranar da matarsa ta faɗi da tulu a hanyar fadama, ga tsohon ciki, sai ya ce ya gaji haka nan. Ya kira mahaƙa suka haƙa rijiya a ƙofar gidansa, ya sa aka gina mata baki, ya ɗora mata murfin itace saboda yara. Unguwa ta sha ruwa ta sa masa albarka. Ba a jima ba dogarai suka zo suka tafi da shi.

Fada ta rabu. Dattawa suka ce a bi abin da aka tarar. Samarin fadawa suka ce dokokin nan sun ishi kowa, a watsar da su gaba ɗaya. Aka tsayar za a yanke hukunci bayan azahar. Da hantsi Sarki ya shiga cikin gida gaida kakarsa, ransa a jagule.

Kakar nan, sunanta Dudu, ita ta haifi marigayi, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko zancensa aka ɗauko sai ta kau da kai. Amma jikan, ai a kansa take huce duk kunyar. Ba ruwanta da rawaninsa, a wurinta maigida ne marowaci da ake ja da wasa.

Ya tarar da ita a rumfa tana kaɗi. Ya durƙusa ya ce, "Sannu da hutawa, uwargida."

Ta ce, "Wace hutawa, miji ya bar ni ba cefane? Kai, dubi fuska a murtuke! Rawanin ne ya yi maka nauyi, ko an cinye maka ƙosai?"

Sarki ya yi murmushin dole, ya zauna ya kwashe labarin Jatau ya gaya mata. Ya ce, "Kaka, wallahi tausayin mutumin nan ya cika ni. Amma in na sake shi, na taka maganar Baba. In kuwa takawar zan yi, gara in tattara dokokin duka in zubar, kowa ya huta."

Dudu ta murza mazari ta ce, "Oho! Ashe Nomau ya dawo duniya."

Sarki ya ce, "Wane ne kuma Nomau?"

Ta ce, "Gyara zama, maigida, ka ji."

Labarin Nomau da Shingen Gado

Dudu ta ce: A wani ƙauye an yi wani manomi da gonarsa ke bakin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Sai ya yi shingen ƙaya a wannan gefen kaɗai, ya ci gonarsa lafiya har Allah ya karɓi ransa. Ɗansa Nomau ya gaje ta.

Da aka share makoki, baffan Nomau ya zo ya ce, "Ubanka mutum ne mai son shinge. In kana kishin sunansa, ƙara wani a gabas." Nomau ya ƙara. Kawunsa ya ji labari, ya ce shi ma ai ba a fi shi sanin marigayi ba, a yi wani a yamma. Aka yi. Wata rana 'yar akuya ta leƙa ta ƙofa, ko ganye ba ta tsinka ba, maƙwabci ya ce a toshe ƙofar ma. Kafin ka ce me, har tsakanin gero da dawa an ja shinge, kamar wanda ke tsoron su yi faɗa.

Ka ga gona ta tsaru, ko? Sai dai mai ita ma ta tsare shi. In zai shiga sai ya hau wata aduwa ya diro. Jakin taki kuwa ina zai bi? Gona ta rame. Da kaka ta yi, ɗan abin da aka samu aka rasa ta inda za a fitar da shi. Nomau ya yi ta jan dami ta cikin ƙaya, hatsi na zuba, jikinsa duk ya yage. Zuciya ta ɗebe shi, ya ruga gida ya ɗauko bakin wuta, ya ce yau ko tsinke ba zai bari ba.

Ya sunkuya zai cinna ke nan, ya ji murya daga gindin shinge: "Malam, dakata! Akwai masu jego a nan."

Ya duba, sai ga bushiya kwance da 'ya'yanta. Ta ce, "In dai zancen ƙaya ne, ai ka zo gidansa. Kada ka yi irin ta gwaggonnina biyu."

Nomau ya ce, "Me ya same su?"

Labarin Gwaggonnin Bushiya

Bushiya ta ce: Babana yana da 'yan'uwa mata biyu, Babba da Ƙarama. Babba matsoraciya ce ta gaske. Wata rana kare ya shinshine ta, bai ma taɓa ta ba, amma ta kwana ba ta runtsa ba. Gari na wayewa ta ce ƙayar da Allah ya ba ta ta yi kaɗan. Ta je ta yi birgima cikin ƙaro, sannan ta yi birgima cikin ƙarangiya, har ciki, har haɓa, ba inda ta bari. Gaskiya kam, daga ranar ba karen da ya ƙara kusantarta. Amma da ta haihu, 'ya'ya suka zo shan nono, kowanne ya kai baki sai ya koma da kuka. Tana ji tana gani aka kwashe su aka kai wa kakarmu ta shayar. Har ta tsufa ba ta taɓa jin ɗumin ɗanta a jikinta ba.

Ƙarama ta ga haka ta ce, "Ashe ƙaya ce masifar!" Ta tafi wurin gafiya ta ce a tsige mata ita kaf. Aka tsige. Ta fito sumul tana rangwaɗa, tana ce mana mu ƙauyawa ne masu yawo da kayan nauyi. Rana ba ta kai tsaka ba shaho ya sauko. Ko gawarta ba mu samu ba, Allah ya jiƙanta.

Mu da muka rage, mun bar ƙaya a baya, inda haƙori ke sauka, ciki kuwa mun bar shi don 'ya'ya. Saboda haka, Malam Nomau, ajiye wutar nan. Bi shingayenka ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kowanne abin da yake tsarewa.

Dudu ta ci gaba: Nomau ya turmuza bakin wutar a ƙasa, ya kama zagaye. A gefen burtali ya ga sawun shanu birjik, har inda suka yi ta tura ƙayar da ƙirji. Ya ce wa shingen, "Kai kam kana aiki," ya ƙara masa ƙarfi. A sauran kuwa bai ga sawun kowa ba sai nasa, inda yake dirowa daga aduwa. Ya tumɓuke su, ya buɗe ƙofa mai faɗin da jaki zai wuce da mangala. Kurmin da bushiya ke jego kaɗai ya bari, don cin amana ba kyau. Ka ji, maigida. Uban Nomau shinge ɗaya ya yi, sauran duk masu cewa suna kishin sunansa ne suka dasa.

Sarki ya ce, "Na ji, Kaka. Amma Nomau ya ga sawun shanu da idonsa. Ni wa zai nuna mini abin da dokar rijiya ke tsarewa? Mai dokar yana ƙasa."

Dudu ta daina kaɗi. Ta ajiye mazari a kan audugar da ke cinyarta. Can ta ce, "Matso. Cire rawanin nan."

"Haba, uwargida, sarki guda?"

"Sarkin wa? Ni na yi maka wanka kana jariri. Cire, na ce."

Ya warware rawani ya sunkuyar da kai. Ta kai yatsa ƙeyarsa, ta shafa wani tsohon tabo. Ta ce, "Wannan, me aka ce maka ya jawo shi?"

Ya ce, "An ce faɗuwa na yi ina ƙarami."

Ta ce, "Faɗuwa ka yi, amma a rijiya. Kana tatata, ka bi wani ɗan tsako bayan gida. Rijiyar bakinta a buɗe, daidai da ƙasa. Allah ya taimaka rani ne, taɓo ya fi ruwan yawa. Da ihu ya kai fada, yaron nan..." Sarki ya ɗago da sauri, don tun da yake bai taɓa jin ta ɗauko zancen mahaifinsa ba, ko da sakaye.

Ta ci gaba. "Yaron nan bai jira dogari ba. Ya jefar da alkyabba, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga da kansa. Ya fito da kai a ƙirji, duk taɓo, yana kuka a gaban jama'a ba ko kunya. A nan tsaye ya ce, 'Daga yau kowace rijiya a garin nan a rufe ta.' Murfi yake nufi, Zakari. Murfi kawai, don kada wani uba ya ji abin da ya ji. Iyakar dokar ke nan."

Sarki ya ce, "To, izinin fa? Da cikewar, da korar?"

Ta ce, "Baffannin Nomau ke nan. Wannan ya ce sai an sanar da shi kafin a haƙa, don ya tabbata za a sa murfi. Wancan ya ce ginin baki aikinsa ne, sai an biyo ta zaurensa. Bayan mai maganar ya kwanta dama, aka wayi gari 'a rufe' ta koma 'a cike da ƙasa,' ba wanda ya ƙara tuna murfin. Ni kuwa ka san bakina ba ya ɗaukar zancensa. Yau ga shi ka sa na karya kunya da tsufana, ɗan nema." Ta share ido da bakin mayafi. "Ina son yaron nan, Zakari. Ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ma ban gaya masa ba. Ba zan so a kori bawan Allah da sunansa ba."

Hawaye suka zubo wa Sarki, bai ɓoye su ba. Ya kama hannunta ya riƙe.

Ta ce, "Rijiyar masaƙin nan, bakinta a buɗe yake?"

Ya ce, "Da murfinta, Kaka. An ce na itace ya yi mata, saboda yara."

"To, a duk faɗin garin nan, wa ya bi maganar ubanka?"

Sarki ya ce, "Jatau." Ya sake cewa a hankali, "Jatau ne. Ni ne na kusa taka ta." Ya miƙe yana naɗa rawani. "Na karɓa, Kaka. Yau zai kwana a ɗakinsa, rijiyarsa kuma ba mai zuba mata ko damƙin ƙasa. Mai son rijiya ya gaya wa mai unguwarsa, ya haƙa, ya gina baki, ya sa murfi. Sarkin Ruwa ya bar zaman zaure, ya riƙa zagayawa yana duba murafe. Sauran dokokin kuma ba zan zubar ba, ba zan kuma rungume su ido rufe ba. Za a kira su a fada ɗaya bayan ɗaya, kowacce a tambayi abin da take tsarewa. Wadda aka ga sawun shanu a gindinta a ƙara mata ƙarfi, wadda ba ta tsare kowa sai mai gona a tumɓuke ta."

Dudu ta ɗauki mazarinta ta ce, "Madalla. Gyara naɗin nan, ya karkace. Kuma duk wannan daɗin baki bai biya cefanena ba."

Masu labari sun ce haka aka yi bayan azahar. Da la'asar kuma sai ga Sarki ya shigo cikin gida, ya hana kowa karɓar masa, riƙe da ƙwarya cike da ruwan rijiyar Jatau. Ya durƙusa ya ce, "Ga cefane, uwargida."

Dudu ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismilla ta sha, ta shafa sauran a ƙeyarsa, daidai tabon. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Sai yau na san na yi miji."