Baƙuwar Tudun Marke

Ku gyara zama, ku ajiye hirar nan tukuna. Magana na kawo muku wadda ta gagari mai unguwa da liman, kuma ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi nasa ra'ayin.

A Tudun Marke abin ya faru, wani gari a bakin titi mai cin kasuwa ranar Litinin. Mai unguwarsu a lokacin shi ne Jatau, dogon mutum wanda ya fi son a yabi garinsa da a yabe shi. In baƙo ya ce ruwan rijiyarsu da daɗi, sai ya wuni yana murmushi kamar shi ya haƙa ta.

Wata Litinin da hantsi, ana tsakiyar bazara, wata motar kaya ta sauke wata tsohuwa a bakin kasuwa. Direban ya ce a cikin buhuna ya tsince ta, bai san inda ta hau ba, don garuruwa biyar ya tsaya tun asuba. Ya ja motarsa ya yi gaba. Tsohuwar ba ta da ƙunshi, ba ta da takalmi, kuma ko an tambaye ta sai dai ta zuba wa mutum ido. Ta shiga kasuwa tana leƙa rumfuna. Can ta ga wani jinjiri a kwance a inuwa yana kuka, uwarsa ta juya tana awo. Ta sunkuya ta ɗauke shi ta saɓa a kafaɗa tana jijjigawa. Uwar ta waiwayo ta ƙwalla ƙara. Wani ya ce ɓarauniyar yara ce, wani ya ce mayya ce, kafin a ce haka an kewaye ta, an fara tsintar duwatsu.

Jatau yana can kara wajen masu shanu labari ya iske shi. Ya tattare babbar riga ya sheƙo da gudu, zuciyarsa na faɗa masa yau garinsa zai yi abin kunyar da ba ya wankuwa. Da ya iso sai ya tarar an riga shi. Sahura mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta janye tsohuwar ta kai ta bayan murhunta, ta tsaya a gaba da matsami a hannu, kaskon mai na tafasa tsakaninta da taron. Dutse ya riga ya fasa wa Sahura gira, jini na sauka har haɓa, amma ko gogewa ba ta yi ba.

Ta ce, "Jinjiri yana hannun uwarsa, ko ƙwarzane babu. Wannan kuwa uwar wani ce. Wanda bai da uwa a gida ya tsallako kaskon nan."

Ba wanda ya tsallaka. Ɗaya bayan ɗaya aka zubar da duwatsu, aka sulale.

Sahura ba ta tsaya nan ba. Ta kai tsohuwar ɗakinta, ta yi mata wanka, ta ɗaura mata zanenta na fita biki, ta ba ta gadonta ita ta koma tabarma. Tsohuwar ba ta cin abinci sai an ba ta a baki, kuma da an ɗauke ido sai ta kama hanya, don haka kullum Sahura takan zaunar da ita gefen murhu tana suya tana lura da ita. Masu saye suka janye, wai ba sa cin ƙosan gidan da aka ajiye mayya. Sati uku ƙosai na kwantai, yaranta suna cin na safe da rana, na rana da yamma. 'Yan'uwanta suka ce ta miƙa wa hukuma ta huta, ta ce ba kaya ba ce da za a miƙa. Jatau ne ya riƙa zuwa kowace safiya yana zama a kan benci, yana cin ƙosai a idon kowa yana tauna da ƙarfi, har mutane suka ji kunya suka dawo. Wata biyar tsohuwar nan ta yi a ɗakin Sahura, ba ta taɓa wuni da yunwa ba.

Jatau ya yi nasa ƙoƙarin. Ya sa an yi cigiya a masallatai, ya aika tashoshin mota, har gidan rediyo ya kai sanarwa. To amma cigiyar wadda ba suna ba gari, kamar jefa tsakuwa ce a kogi.

A nan Barira mai kitso ta shigo. Mace ce marar yawan magana, gidanta na kallon na Sahura. Gashin tsohuwar ya cukurkuɗe ya dunƙule, kuma duk wanda ya kai hannu kanta sai ta kai masa cizo. Barira ba ta kai hannu ba. Kullum bayan azahar takan sallami masu jiran kitso, ta zo ta zauna kusa da ita da tiren wake, su yi ta tsinta, ba mai ce wa wani uffan. Sai da aka yi kwana goma sha biyar a haka tsohuwar ta yarda aka yanke mata farce. Bayan wani satin ta kwantar da kai a cinyar Barira da kanta. Barira ta shafa man shanu, ta riƙa warware gashin sili-sili, abin da ya ci mata kwana uku. A rana ta uku, tsinke ya ɗan ja, sai tsohuwar ta ce, "A hankali mana, Hanne."

Maganarta ta farko ke nan a Tudun Marke. Barira ba ta yi ihu ba, ba ta ce ba sunanta ba ne. Ta ce, "Yi haƙuri, Iya," ta ci gaba da kitso.

Daga ranar ta gane bakin tsohuwar ba ya buɗewa sai kanta na kan cinya. Tambaya kuwa rufe shi take yi. Sai Barira ta daina tambaya, ta riƙa sako zance kamar ta san komai. Ta ce, "Yau ban ga yaron nan ba." Tsohuwar ta ce, "Ilu? Yana maƙera." Wata rana ta ce, "Gobe kasuwa." Tsohuwar ta ce, "Yau Talata ke nan. Ki tashi da wuri kada jirgi ya cika." A haka, a wata biyu, Barira ta tsinto abu uku kamar mai tsintar gero a yashi: ɗa maƙeri mai suna Ilu, kasuwar Laraba, da kogin da ake hayewa da kwalekwale. Sunan gari dai ya ƙi fitowa. Ta kuma lura yatsun tsohuwar ba sa zama, kullum suna murza iska. Ta samo kaba da rini da basilla ta ajiye mata a cinya. Cikin kwana shida tsohuwar da ba ta san sunanta ba ta ɗinka faifai, tsakiyarsa ja, kewaye da sawun zabo uku-uku baƙaƙe, irin adon da ba wanda ya taɓa gani a yankin.

Ranar da aka kai wa Jatau faifan ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Hannu ya faɗi garinsu. Saura mai kai shi inda za a gane."

Luba ce ta ce ita za ta kai. 'Yar kasuwa ce mai sayar da daddawa da kuka, gajera mai faɗa da dariya, wadda ta san kasuwannin ƙasar kamar tafin hannunta. Tana da kasuwarta ta Laraba inda ta shekara ashirin tana da rumfa da masu saye. Ta bar ta. Ta shiga bin kasuwannin Laraba na bakin kogi, inda ba wanda ya san ta, ta baza kaya a rana, ta rataye faifan a sanda sama da kanta. Damina ta riga ta sauka, hanyoyi sun yanke, mota takan kafe a taɓo a wuni ana turi. Sau da yawa takan dawo da daddawarta yadda ta tafi da ita. An taya faifan ya fi a ƙirga, ta ce ba na sayarwa ba ne, mai shi ake nema. Kuma Luba tun tana yarinya, da ruwa ya ci yayanta a gabanta, ba ta ƙara shiga kwalekwale ba. Laraba ta shida ta ga kasuwannin wannan gaɓar sun ƙare. Ta tsaya a bakin ruwa har jirgi biyu suka tashi suka bar ta. Na uku ta shiga, ta runtse ido, ta ƙanƙame faifan a ƙirji har aka haye.

A Laraba ta tara wata mai sayar da manja ta tsaya ta ƙura wa sandar ido, ta ce, "Wannan ai hannun Iya Kuluwa ne ta Ƙauran Maje, Allah Ya jiƙanta."

Luba ta ce, "Adana addu'arki, baiwar Allah. Shekaranjiya na bar ta tana cin ɗanwake."

Ta bar wa matar kayanta duka, matar da ko sunanta ba ta sani ba, ta tattare zane ta bi hanyar da aka nuna mata. Tafiyar rabin wuni ce a ƙasa cikin laka. Ta isa da la'asar, ta bi ƙarar guduma har maƙera, ta miƙa wa maƙerin faifan. Ilu ya dube shi, ya ajiye guduma, ya zauna a ƙasa.

Ashe biki aka tafi da tsohuwar wani gari, hankalinta kuwa dama ya fara gushewa, ta sulale a tasha. Wata uku Ilu yana yawon nema har ciyawa ta cinye gonarsa. Daga baya dangi suka zaunar da shi, aka yi sadaka, aka yi masa ta'aziyya.

Ranar Juma'a Luba ta shigo Tudun Marke da shi. Jatau da kansa ya raka shi ƙofar Sahura, rabin gari na biye. Iya Kuluwa na zaune a tabarma da sabon kitso, ta yi ƙiba, tana ɗinkin wani faifan. Ilu ya durƙusa a gabanta. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe, sannan ta ce, "Ilu, ka rame. Ba sa ba ka abinci ne?" Har mazan da suka tsinci duwatsu ranar nan sai da suka share ido. Jatau kuwa ya tsaya ƙiƙam yana duban mutanensa, ya ji rigarsa ta yi masa kaɗan don alfahari.

Bayan an sauko daga masallaci Ilu ya same shi a zaure. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni maƙeri ne, ba ni da abin da zan saka wa garin nan da shi. Amma ran Litinin da ta wuce matata ta sauka, an samu mace, Litinin mai zuwan nan suna. Babbar 'yata ta riga ta ci sunan Iya. Wannan na yi alkawari sunan wadda ta dawo mini da uwata zan raɗa mata, ta tashi ta san takwararta, zumunci ya ƙullu har jikoki. Sai na zo na tarar su uku ne. Kai ka san su. Ka zaɓa mini."

Jatau ya ce wannan mai sauƙi ne, ya aika a kira su. Sai da suka zauna ya ga ba sauƙi.

Sahura ta ce, "Ni tuwo na ba ta, kowa ma zai iya. Da Barira ba ta buɗe bakinta ba, da har ta mutu Baƙuwa za mu riƙa kiranta."

Barira ta ce, "Kan da aka fasa da dutse ba ya kitsuwa. Kuma abin da na tsinto, da a ɗaki zai ƙare in ba ƙafar Luba."

Luba ta yi dariya ta ce, "Ni ba zan yi muku ƙarya ba, ina so. Ban taɓa haihuwa ba, ban taɓa yin takwara ba. Amma me zan rataya a sanda in ba a ɗinka faifan ba? Wa zan ce yana raye in ba a tsare ran ba? Ku yanke, duk yadda ta faɗa na karɓa."

Aka kira liman. Ya ce kowacce ladanta na wurin Allah cikakke, amma suna ɗaya ake raɗa wa jariri, kuma shi bai ga inda littafi ya fifita ɗaya a nan ba. Wani dattijo ya ce a tambayi mai abin. Aka zo da Iya Kuluwa, Jatau ya rage murya ya ce, "Iya, wace ce taki a cikin waɗannan?" Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dafa Sahura ta ce Hanne, ta dafa Barira ta ce Hanne, ta dafa Luba ta ce Hanne. Ilu ya sunkuyar da kai ya ce Hanne ƙanwarsa ce, ita kaɗai ce 'ya mace da Iya ta haifa, ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce.

Jatau, wanda bai taɓa rasa ta cewa a kan mutanen garinsa ba, ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ga mota na jira a bakin titi, ga kogi a gaba, ga rago a ɗaure a Ƙauran Maje.

To, ku da kuke zaune a nan, na miƙo muku. Sahura ta tare duwatsu da goshinta, ta ciyar wata biyar. Barira ta yi haƙurin da ya buɗe baki da hannu. Luba ta bar kasuwarta, ta haye ruwan da take tsoro, ta kai labari gida. Sunan wace ce a cikinsu ya cancanci a raɗa wa jaririyar nan?