Ɗaki da Kaso

Malam Chaibou mutumin Damagaram ne, amma shekara talatin da ɗaya ya yi a Paris yana tuƙa manyan wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, bai taɓa ko gogar motar wani ba har ya ajiye aiki. Yana zaune a Sevran, gefen Paris, a bene hawa na shida. Mutum ne mai gaskiya, mai salla a kan lokaci, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda ɗaya ne, amma fa babba: ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo, kuma ya ƙi jinin a koya masa abu. Kafin ka rufe baki ya ce, “Na sani.” Matarsa Aïssata ce kaɗai ta iya da shi, ita ke bin bayansa tana gyara abin da bakinsa ya ɓata. Da Allah ya yi mata rasuwa, sai ya zama babu mai gyarawa.

'Yarsu ɗaya ce, Mounira, tana aikin gwaje-gwaje a wata masana'anta a Saint-Fons, gefen Lyon. Mutuwar uwar ta kayar da ita ƙwarai. Wata biyar daga aiki sai gado, ba ta cin abinci sai an matsa, ba ta ɗaga waya. Likitarta ce ta ba ta shawara ta samo abin da zai tilasta mata fita kowace safiya. Haka ta ɗauko ɗan kwikwiyo ja-ja, ta sa masa suna Gyaɗa. Shi ya fitar da ita daga ɗaki, shi ya maido mata da dariya. Malam Chaibou ya ji canjin a muryarta, amma bai taɓa yarda cewa kare ne sanadi ba.

Gyaɗa na da wata huɗu aka ce za a yi wa Mounira aiki a gwiwa, sati uku ba za ta iya sauka da hawa ba. Ta rasa inda za ta kai shi, ta kira ubanta.

“Baba, na san ba ka son kare cikin gida. Sati uku ne kawai, don Allah.”

“Ni da na yi kiwon awaki arba'in tun ban kai shekara goma ba? Kawo shi.”

Da kansa ya tuƙa mota zuwa Lyon. Mounira ta nuna masa kejin ƙarfe mai faɗi, ta shimfiɗa tsohon zanen uwarta a ciki. Ta durƙusa ta ce a hankali, “Gyaɗa, ɗakinka.” Sai ga ɗan kwikwiyon nan a guje, kunnuwa na lilo, ya faɗa ciki ya juyo yana jiran ladansa, ta miƙa masa guntun cuku. Daga nan ta ba uban takarda da ta rubuta da hannunta. Ƙarfe bakwai na safe a sauka da shi ya yi fitsari. Abinci sau uku, bayan kowane ci a sake sauka da shi. Da la'asar a kai shi fili ya yi gudu ya gaji. Da rana kada ya wuce awa uku a rufe. Layin ƙarshe ta ja masa layi biyu a ƙasa.

“Wannan ya fi duka, Baba. Kada ka taɓa sa shi ciki da faɗa. Ɗakinsa ne, ba wurin horo ba. In ka ce ɗakinka, ko daga ina ya ji zai zo.”

“Na sani,” in ji Malam Chaibou. Ya ninke takardar ya jefa a aljihun mota, can ta kwana, can ta yi sati uku.

Abu na farko da ya yi da isarsu Sevran shi ne cire zanen. Haba, zanen Aïssata a ƙarƙashin kare? Ya wanke shi sau bakwai, ya goge, ya adana. Gyaɗa ya kwana a kan tsurar roba yana kuka ƙasa-ƙasa.

Kwana biyu tsohon ya yi yana sauka da shi yadda ya kamata. A rana ta uku injin hawa bene ya lalace, ya dubi matakalar hawa shida ya ce lallai ba da shi ba. Sauka ta koma sau biyu, gudun la'asar kuwa aka soke shi gaba ɗaya. To ɗan kwikwiyo mai jini a jika, ina zai kai ƙarfin nan? Ya kai shi ga takalmin Juma'a, ya kai shi ga ƙafar kujera. Ran nan kuma fitsari ya matse shi, ya yi ta kai-kawo a bakin ƙofa yana ƙugi, tsohon na kallon labarai bai waiwaya ba, sai kwikwiyon ya tsuguna ya sake shi dab da dardumar salla.

Nan Malam Chaibou ya tashi kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya finciko shi ta wuya, ya cusa shi a keji, ya buga ƙofar, ya ɗora da dukan ƙarfen da silifa.

“Kaso! Kaso, ɗan banza!”

Kaso, wato gidan yari a bakin mutanen Nijar. Daga ranar kalmar ta zauna masa a baki. Ya ciji abu, kaso. Ya yi haushi, kaso. Za a tafi kasuwar Barbès sayen yaji da kuɓewa, kaso, tun hantsi har bayan la'asar. Kalmar ɗakinka kuwa ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba, yana ganin wauta ce babba kamarsa ya tsaya lallashin kare.

Maƙwabcinsa Malam Salifou, mutumin Tahoua, ya shigo gaisuwa ya ga dabbar ta lafe a bayan firiji tana rawar jiki.

“Malam Chaibou, amanar yarinyar nan ce fa. Ka ga yadda ya rame?”

“Yanzu ya san ladabi. Da can lalata shi ta yi.”

“Wannan ba ladabi ba ne, tsoro ne.”

“Na sani,” in ji shi, ya zuba masa shayi ya canza magana.

Kullum da yamma Mounira na kira. “Baba, ça va, lafiya dai? Yana ci? Yana shiga ɗakinsa?” Shi kuma ya ce lafiya lau, yana shiga. Bai yi ƙarya ba a ganinsa, ai yana shiga. Ita kuwa tana can tana ƙirga kwanaki, tana cije baki wurin koyon takawa don ranar da zai dawo ta iya fita da shi da ƙafarta.

Ranar mayarwa ta zo. Ya sa zanen a jaka da niyyar in sun kusa ya shimfiɗa shi a keji kada ta gane, ya kama hanyar Lyon. Bayan sun wuce rabin tafiya ya ratse wurin hutun matafiya don ya yi azahar, ya fito da Gyaɗa ya sha iska. Abin da bai lura da shi ba, wuyan kwikwiyon ya sirance, abin wuyan ya yi masa yawa. Wata babbar mota ta yi huci, Gyaɗa ya ja baya da ƙarfi, sai ga igiya a hannun tsoho babu kowa a ƙarshenta.

Gyaɗa bai yi nisa ba. Ya tsaya a kan ciyawa, taku goma tsakaninsu, kunnuwa a kwance, yana kallon Malam Chaibou yana ɗan kaɗa ƙarshen jela. A bayansa hanyar da manyan motoci ke bi su koma babban titi ce. Tsoho ya nufi motarsa da sauri. Ya buɗe bayan mota, ya wangale ƙofar keji. Ya san akwai kalmar da Mounira ta faɗa, tana nan a kan harshensa, amma bakin da ya yi sati uku yana faɗin abu ɗaya bai jira shi ba. Ya tafa hannu ya daka tsawa.

“Kaso!”

Gyaɗa ya juya da gudu, ya faɗa gaban wata babbar mota. Direban ya taka birki iya ƙarfinsa, ba laifinsa ba ne, kowa a wurin ya shaida.

Wallahi da ka ga Malam Chaibou a ranar sai ka tausaya masa. Mutumin da sati uku bai taɓa kare ba sai da faɗa, ya durƙusa a kan kwalta ya ɗauke shi da hannu biyu, jini a gaban rigarsa, bai ko tuna da najasa ba. Ya rasa abin rufa shi, ya ciro zanen Aïssata ya naɗe shi a ciki. Yana faɗin, “Ɗakinka, ɗakinka,” a lokacin da babu mai ji. Wani likitan dabbobi a garin da ke kusa ya karɓi gawar, ya maido masa da zanen.

Ya iso Saint-Fons da la'asar sakaliya. Mounira na tsaye a ƙofar gidan bene, ta dogara sanda biyu, da guntun cuku a hannunta. Ta leƙa ta ga keji babu kowa. Ta dubi rigarsa. Sai da ya kama ta kada ta faɗi.

A falonta ya ba ta labari, ya yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa tambaya ɗaya take maimaitawa.

“Ba ka ce ɗakinka ba? Baba, ko daga ina ya ji yana zuwa. Ba ka faɗa ba?”

Ya sunkuyar da kai. Na gaya muku mutum ne mai gaskiya. Ya faɗa mata duka, matakala da silifa da zanen, har kalmar da ya yi tsawa da ita.

Hawaye na zubo mata, ta ce:

“Ka san inda na samo kalmar nan? Ranar da zan taho Lyon, kana ta faɗa a kan na cika kaya, Mama ta raɗa mini a kunne, ɗakinki na nan, ko yaushe kika gaji ki dawo. Ita na koya masa.”

Ya ce, “Har yanzu yana nan, Mounira. Ki taho gida ki warke. Ɗakinki na nan.”

Ta karɓi zanen uwarta daga hannunsa ta rungume.

“Wanne, Baba? Ɗaki ko kaso?”

Bai ce na sani ba. Ya koma Sevran washegari da keji a bayan mota, don ta ce ba ta iya ganinsa. Tana kira ranar Juma'a, ta gaishe shi da ladabi, minti biyu ta ajiye. Kullum yana share ɗakinta yana buɗe taga, shekara ta zagayo ba ta zo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar rai, ko na dabba ne, ya saurari wanda ya ba shi, ya bi tsarin da aka shimfiɗa masa, kada girman kai ya sa ya ce ya sani. Ɗan kwikwiyo na bukatar fita a kan lokaci, da gudu, da wurin kwana da zai ji daɗin shiga. In ka mayar masa da wurin nan gidan horo, ranar da ransa ya rataya a kan kiranka ba zai zo ba. 'Ya'yanmu ma haka suke. Mu kula da kalmar da muke saba wa bakinmu a ranakun lafiya, domin ita ce za ta riga mu fita a ranar tashin hankali.