Ɗorin Hannun Yalwa

Dalilin da ya sa wuyan hannunku yake juyawa ta ko'ina, yara, taurin kan wata mata ne, ba wani abu ba.

A da can ƙashi ɗaya ne tal a wurin, miƙe kamar muciya, ba ya lanƙwasa. A lokacin akwai wani maɗori, Nomau, wanda bai taɓa ɗora ƙashi ya ƙi haɗewa ba. Da wannan sunan yake ci yake sha.

Ran nan aka kawo masa Yalwa. Garin lugude ta cilla taɓarya sama ta tsaya tafi, taɓarya ta dawo ta farfasa mata wuyan hannu gida takwas. Nomau ya jera ƙasusuwan layi biyu, ya ɗaure da kara, ya ce, "Baiwar Allah, kada hannun nan ya motsa sai sun haɗe."

Da yamma ƙanwar mijinta ta ɗora tuwo. Yalwa ta leƙa tukunya ta ga gudaji, haƙuri ya gagara. Ta kwance ɗaurin ta karɓi muciya.

Washegari Nomau ya taɓa hannu, ya ji ƙasusuwa suna yawo.

"Wa ya kwance?"

"Baba, ɗan tuƙi kawai na yi. Ina zaune yarana su ci gudaji?"

Ya sake ɗaurewa, ta sake kwancewa. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kai ƙara wurin mijinta, mijin ya ce shi ma haƙuri yake yi. Takaici ya ishi Nomau har ya rame. A ƙarshe kowane ƙashi ya warke shi kaɗai, babu wanda ya manne da ɗan'uwansa.

Nomau ya ce sunansa ya ɓaci, ya shige ɗaki. Amma hannun Yalwa sai ya riƙa lanƙwasa, tuwonta ya fi na kowa laushi. Wata rana da safe Nomau ya fito ya tarar da matan gari a ƙofarsa, kowacce riƙe da taɓarya, wai a yi mata irin na Yalwa. Ya yi tsaki, ya tattara karansa ya cusa a murhu.

'Ya'yan Yalwa suka gaji hannun, mu kuma muka gada daga gare su. Shi ya sa har yau ƙananan ƙasusuwa takwas ne a wuyan hannu, kuma ko likita zai tsaga wurin sai ya lallaɓa, yana kauce wa jijiyoyi, yana gyaran abin da Nomau ya bari.