Wanzamin da Ya Ɓoye Waken Suya

A garin Doguwa, a gindin duwatsun da ke kudancin ƙasar Kano, an yi wani wanzami ana ce masa Shitu. Hannunsa yana da sauƙi, askarsa ba ta taɓa yi wa kowa ɓarna ba, kuma ba a san shi da wasa da salla ba. Aibinsa guda ne, sai dai babba ne: yana son a ce ba a iya wani abu sai da shi. Idan ya san abu, sai ya ɗinke shi a zuci kamar laya, domin jin sallamar mabuƙata a ƙofarsa ya fi masa daɗi bisa ga abin da za su ba shi.

A shekara ta dubu da ɗari uku da saba'in da huɗu bayan Hijira, lokacin da haƙar kuza take ci a Riruwai, Shitu yakan rataya zabirarsa ya tafi can ranar biyan leburori, ya yi aski, ya yi ƙaho. Wata rana matar wani lebura ta kawo masa ɗanta da ba a daɗe da yaye shi ba. Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, ko kuka ba ya iyawa sai nishi. Tamowa ce, cutar da take ɗibar yayayyu kowace damina. Shitu ya yi masa tsaga, ya ba da sassaƙe, amma a ransa ya san saura addu'a.

Bayan kaka ya koma. Yana cikin yi wa wani aski a gindin ɗorawa, sai ga wani yaro a guje ya yi fatali da ƙoƙon ruwansa. Uwar ta biyo shi tana cewa, "Wanzam, yi haƙuri, ai majinyacinka ne."

Shitu ya dubi yaron. Kumatu sun ciko, gashi ya yi baƙi sidik, ƙafafu sul kamar ba su taɓa kumbura ba. Ya saki kan da yake askewa, ya tsuguna yana lallatsa ƙafar yaron da ɗan yatsa, yana maimaita, "Tsarki ya tabbata ga mai raya ƙashi bayan ya rududduge!"

Wanda ake yi wa askin ya ce, "Wanzam, haka za ka bar ni, rabin kai ango, rabi mahaukaci?"

Shitu bai ko ji shi ba. Ya tambayi uwar wane malami ne ya yi wannan aiki. Ta yi dariya, ta nuna masa wata tsohuwa mai tallar daddawa, sunanta Kande, wadda ta biyo ɗanta daga wajen Kafanchan.

Ya je ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Iya, maganin nan na zo nema."

Ta ce, "Magani? Ni ina na ga magani? Abinci ne, ɗan nan." Ta buɗe wata ƙwarya, ta damƙo masa wata ƙwaya ƙarama, mulmulalla, mai launin man shanu. Shi ne wanda yanzu muke kira waken suya, amma a wancan zamani ba mai saninsa a ƙasarmu. Ta ce da shi take daddawa in kalwa ta yi tsada, da shi kuma take tayar da yara. "Ka jiƙa shi ya kwana, ka murje ɓawon. Ka dafa shi, ka yi ta dafawa har ƙarnin ɗanyen ya fita sarai. Ka shanya, ka niƙa, ka riƙa zubawa a kunun gero kullum. Amma ka buɗe kunnenka: ɗanyensa abokin gaban ciki ne. Ko akuya ce ta ci da yawa sai ta kumbura. Wuta ce take cinye sharrinsa ta bar alherinsa."

Shitu ya ce, "Me zan biya?"

Ta ce, "Ka biya wa? Ni ma a bakin murhu na ji. Ka dai gaya wa duk mai ɗa."

Ya ce to. Ya sayi abin da jakinsa zai iya ɗauka, ya kama hanya yana jujjuya ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Haƙiƙa abin al'ajabi ne. Ga ƙwaya ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, amma Mai hikima ya zuba mata abin da ya zuba a nama da nono, domin talakan da ba shi da saniya kada ya rasa rabonsa. Shitu ya yi tasbihi har idonsa ya kawo ruwa. Sai dai kafin ya hango ganuwar duwatsun Doguwa, wani tunani ya riga ya shige shi: in kowace mace ta iya wannan a murhunta, wa zai ƙara sallama a ƙofarsa?

Saboda haka ya gina ɗan ɗaki a bayan gida, ya sa masa ƙyaure. A nan yake jiƙawa, ya dafa, ya niƙa da hannunsa, ya barbaɗa kimba don ta ɓatar da ƙamshin. Ya sa masa suna maganin kakanni. Allah kuwa ya sa albarka a cikin abin, domin ni'imarsa ba ta jiran niyyar wanda ya ɗauko ta ta gyaru. Yaran da aka kawo a goye kamar tsumma suka riƙa komawa da ƙafafunsu. Har tsofaffin da haƙora suka ƙare musu, da suka lizimci kunun, sai ƙarfinsu ya dawo. Labari ya kai Tudun Wada, ya kai Kiru da Bebeji. Zauren Shitu ya cika, mata suna cewa hannunsa ba irin na mutane ba ne, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali zuciyarsa tana rawa.

Da waken ya tasam ma ƙarewa, sai ya ga in ya shuka a Doguwa za a gane. Yana da 'ya guda, Zaituna, tana aure a wani ƙauye a ƙetaren kogi ta wajen Tudun Wada. Ya kai wa mijinta, Ladan, iri, ya ce ya noma masa a bayan gari. Ya ce masa, "Turawa ne ke saye su kai ƙasarsu. Ba a ci."

Ladan mutum ne mai kunyar suruki, bai ƙara tambaya ba. Amma Zaituna 'yar ubanta ce wajen lura. Ranar da Shitu ya zo kwasar amfanin, ta kawo masa fura, ta zauna gefe tana ba ɗanta Mamman nono, ta ce, "Baba, na fasa ƙwaya ɗaya na gani. Launin cikinta da na maganinka ɗaya ne. Shi kake niƙawa, ko?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wa ya aike ki?"

Ta ce, "Ba kowa. Na ga tsakaninmu da kai akwai kogi, ga kuma abokinka ƙarami a hannu." Tana nufin jaririn, tana yi wa uban wasan jika da kaka don ya sauko.

Bai sauko ba. Ya ce, "Sirrin wanzanci ba ya bin 'ya mace gidan wani. Yau in na gaya miki, gobe yana bakin rijiya, jibi yana kasuwar Kiru. In yaro ya yi ciwo, ina da rai, a aiko."

Ya bar musu buhu guda na iri, ya ɗaure sauran ya tafi.

Da damina ta kankama, Zaituna ta samu ciki, dole ta yaye Mamman kafin lokacinsa. Rumbu ya yi ƙasa, babu abin ba yaro sai farin koko. Ba a jima ba ƙafafunsa suka fara ɗagawa, gashinsa ya soma ja. Ladan ya ɗauki sanda ya nufi Doguwa, amma ya tarar kogi ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da saiwarsu. Masu fito suka ce ko da sarki ne ba za su sa gora a wannan ruwa ba. Ya zauna a bakin gaɓa kwana da kwanaki yana jiran ruwa ya ja.

A gida kuwa Zaituna tana kallon ɗanta yana narkewa, ga buhun iri jingine a kusurwar ɗaki. Ta ce a ranta, ai na san shi ne. Ta ɗebo, ta niƙa shi ɗanye a dutse, ta tankaɗe, ta barbaɗa a kokon da ya huce kamar yadda ta ga ana yi da maganin ubanta. Yaron ya ƙi, ta ɗura masa. Cikinsa ya kumbura, zawo ya ɓalle. Ta zaci cutar ce take fita, sai ta ƙara. Jikin da dama babu komai a cikinsa, ina zai iya da wannan?

Da ruwa ya ja, Ladan ya ƙetara, ya taho da surukinsa. Shitu ya cika zabira da garin da ya dafa da hannunsa, bai tsaya ko karyawa ba. Suka iso ƙauyen da hantsi. Tun daga nesa suka hangi tabarmi a ƙofar gida, dattawa zaune, ga fartanya da jar ƙasa a bakinta an jingine ta da danga. Ladan ya zube a inda yake.

Shitu ya shiga cikin gida. Zaituna tana zaune a ƙofar ɗaki, dutsen niƙa a gefenta da sauran gari a kansa. Ya lakato ya kai hanci, ƙarnin ɗanyen wake ya buge shi. Ya zauna a ƙasa gefen dutsen.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Baba, sannu da hanya. Allah ya karɓi abinsa da asuba." Sannan ta ce, "Abu ɗaya nake so ka gaya mini, ba zan kai shi bakin rijiya ba. Shi ne waken?"

Ya ce, "Shi ne."

"To me na rage? Saiwa ce? Ko wata addu'a ce ake tofawa?"

Da ƙyar ya ce, "Dafawa ake yi."

"Dafawa kawai?"

"Kawai."

Zaituna ta juya ta dubi murhunta. Ga shi nan kusa da ita, wuta tana ci, maƙwabta sun ɗora tukunyar abincin masu gaisuwa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Kullum da wuta a gidan nan, Baba."

Shitu bai ƙara rufe ɗakin bayan gida ba. Ranar kasuwar Doguwa ta farko bayan kwana bakwai, ya kafa duwatsun murhu a tsakiyar kasuwa, ya zazzage waken a kan buzu, ya dafa shi a gaban kowa, yana kiran mata da muryar da ta dushe, yana cewa su matso su gani, ba na kakanninsa ba ne, na Allah ne. Ya raba iri ga duk wanda ya miƙo hannu. Cikin 'yan shekaru zaurensa ya zama wayam, domin kowace uwa ta iya. Yara suka riƙa ƙetare damina da ƙibarsu a garuruwan da a da ake haƙa ƙananan kaburbura. Idan ya ga irin waɗannan yara suna tsere a kan hanya, sai ya tsaya ya yi ta kallonsu yana motsa leɓe, ba mai sanin tasbihi yake yi ko istigfari.

Ya kai mai karatu, ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, amma bawa abin tambaya ne a kan sababin da ya biyo ta hannunsa. Waken suya ni'ima ce mai girma. Wanda ya dafa shi ya nuna sosai, ya haɗa shi da hatsinsa yana ci yau da gobe ba tare da wuce iyaka ba, zai ga amfaninsa a jikinsa da na 'ya'yansa, in dai ba jikinsa ne ya nuna ba ya karɓarsa ba. Wanda kuwa ya ci shi ɗanye ya cuci cikinsa. Haka ilimi yake: amana ce da aka ba ka domin ka isar da ita cikakkiya. Wanda ya ɓoye shi don a riƙa nemansa, ya sani mutane ba za su fasa nema ba, sai dai su tsinci rabi su yi aiki da shi, kuma mai yiwuwa wanda rabin zai fara kayarwa na jikinsa ne. Allah ya sa mu cikin masu sanar da abin da aka sanar da su, ya tsare zukatanmu daga son yabo.