Masaƙin da Ke Auna Hannun Kowa

An ce wani sarki yana da gidan saƙa, masaƙa arba'in a ciki. Kowa yakan saƙa dogon ƙyalle mai faɗin yatsa huɗu, sannan maɗinka su haɗa ƙyallayen su zama riga. A cikinsu akwai wani dattijo, Jatau. Kullum kafin ya zauna ga tasa saƙar sai ya zagaya, ya ɗora yatsunsa kan ta kowa.

"Sassauta, Barmo, ai ba igiyar jaki kake yi ba," yakan ce. "Kai kuma ɗan'uwa, ja kaɗan."

Su yi dariya, su gyara. Saboda wannan zagaye, saƙarsa ce kullum mafi gajarta.

Wata shekara sarki ya so ya karrama ma'aikatansa. Ya ce wanda ya fi kowa kyan saƙa a ba shi alkyabba, wanda ya gaza kowa a sallame shi. Waziri ya auna, ya ga saƙar Jatau ce mafi gajarta, aka sallame shi. Ya ɗauki ƙoshiyarsa ta saƙa, ya tsaya bakin ƙofa ko wani zai ɗago kai. Kowa na sunkuye yana neman alkyabba. Ya ce, "Allah na gani," ya tafi.

Daga gida yake jin labari. Kowa ya ɓoye hannunsa, Barmo da abokinsa sun daina cin tuwo kwano ɗaya. Shekara uku ana haka, har Jatau ya makance.

Ran nan yana zaune kan tabarma da carbi, sai ya ji takun mutane, aka yi sallama, aka ce ga sarki.

Sarki ya ce, "Dattijo, an ce kai ka san ciwon gidan nan. Ƙyallayena ba su taɓa kyau kamar yanzu ba, amma rigata ta ƙi ɗinkuwa. Wani ya fi faɗi, wani ya fi tauri, kuma masu yin su ba sa gaisawa."

Jatau ya ce, "Ya sarki, in tambaye ka. Ran salla, sahun wanda ya fi kowa tsawo ake yabo, ko sahun da ya miƙe?"

"Wanda ya miƙe."

"To mai zagayawa yana daidaita sahu, yana riga kowa tayar da kabbara?"

Sarki ya ce, "Shi ne na ƙarshe."

"Haka na kasance, ranka ya daɗe, shekara talatin."

Sarki ya tuɓe alkyabbar jikinsa ya yafa masa, ya ce gobe ya koma aiki, shi ne babba.

Jatau ya shafa ta. Ya ce, "Ba na gani, kuma yatsun sun mutu, ba sa bambanta lallausa da kaushi. Da ka zo tun ina iyawa, ko sannu da aiki ka ce, wallahi da ta ishe ni. Ka koma ka duba, wataƙila akwai wani mai gyara wa na kusa da shi a ɓoye. Kada ka jira ya tsufa."

Sarki ya zauna ƙasa, gefen tabarmar, hawaye na bin gemunsa. Ya ce da waziri, "Mun auna zare, mun bar mutum. Adalcin da ya makara, ta'aziyya ce kawai."