Bakin Hijabi a Tayar Baya

Ranar wata Laraba a tsakiyar damina, da hantsi, Ɗayyabu ya goya matarsa Hansatu a babur zai kai ta awo asibitin gari. Cikinta ya tsufa. Sun daɗe da aure, kuma ciki biyu sun zube kafin wannan, saboda haka duk Tudun Ƙirya an san abin da ke kan babur ɗin nan, ko da yake ba mai faɗa.

Laraba ce ranar kasuwar gari, kuma Ɗayyabu ya saba fita tare da abokansa uku, don hanyar daji ce, ba a son mutum ya bi ta shi kaɗai. Akwai Ilyasu wanzami, mai rumfa a kasuwa, zabirarsa rataye a kafaɗa. Shi ne a gaba. Akwai Haladu mai ƙwan zabi, wanda saboda irin kayansa bai taɓa wuce kowa a hanya ba, har abokan suna yi masa tsiya cewa mai jaki ma yakan gaishe shi ya wuce. Shi ne ke bin bayan Ɗayyabu. Sai Ukasha ɗan acaɓa, mai sabon babur, wanda kullum shi ne ƙarshen tashi kuma shi ne farkon isa. Ran nan ma an bar shi yana goge taya, ya ce su je zai cim musu.

Babur ɗin Ɗayyabu irin na kowa ne a ƙauyen. Madubansa suna ajiye a ɗaki tun makon da aka saye shi, don a ganin matasa madubi kayan tsofaffi ne. Murfin sarƙa kuwa ya dame shi da ƙara, sai ya kwance ya jefa bayan rumbu. Ita Hansatu sabon hijabi ta sa, dogo mai yalwa, wanda ta sa tela ya ƙara wa yadi don ya rufe cikin. Da za su tashi ta tattara bakinsa ta riƙe a cinya, kamar yadda kowace mace ke yi.

Suka tafi lafiya har gangaren Makera. A wurin, ruwa ya cinye rabin kwalta ya bar hannu ɗaya, gefe guda kwazazzabo, gefe guda dutse. Saman gangaren kuma kwana ce, mai tahowa ba ya ganin abin da ke ƙasa sai ya karyo ta. Suna karyo kwanar, tayar Ɗayyabu ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Hansatu ta saki hijabi ta tallafe cikinta da hannu biyu. Bakin hijabin ya sauka yana lilo, yana shafar wayoyin tayar baya.

Haladu ne ya gani. Ya danna hon, ya sake dannawa. Amma a tsakaninsu hon gaisuwa ce da wasa, sai Ɗayyabu ya ɗauka Ukasha ne ya iso da shaƙiyancinsa, ya ɗaga hannu bai ko waiga ba. Haladu ya yi ihu, iska ta kwashe. Ya dubi kwandunan ƙwai, ya dubi ƙyallen da ke shiga taya yana fita, sai ya murɗa totur. Mutumin da bai taɓa wuce kowa ba ya ratsa ta ɗan bakin kwaltar da ya rage a gefen kwazazzabo, ya sha gaban Ɗayyabu, ya take birki.

Ɗayyabu ma ya take nasa yana ihu: "Haladu, ka haukace ne? Mace nake ɗauke da ita!"

Bai rufe baki ba taya ta cafke hijabin. Ya ji Hansatu ta yi wani sauti kamar tari, taya ta cije, babur ya kwanta da su. Tayarsa ta gaba ta bangaji Haladu, ya gangara kwazazzabo shi da babur da ƙwai, hannunsa na dama ya karye. Amma a lokacin da ƙyallen ya fizgi wuyan Hansatu, babur ɗin ya riga ya kusa tsayawa. Da a guje ya fizge ta, da nan take rai ya yi halinsa, ba sai an kira kowa ba.

Ɗayyabu ya sami kansa kwance a tsakiyar hanya, ƙafarsa a ƙarƙashin babur, salansa tana ƙona masa sangali bai ma ji ba. Hansatu tana bayansa, kanta manne da taya, hijabin ya murɗe a wuyanta kamar igiya, tana shure-shure ba murya. Yana cikin ƙoƙarin zare ƙafa sai ga Ukasha ya karyo kwana a guje. Ɗayyabu ya ɗaga hannu yana kiransa. Ukasha ya dube su sau ɗaya, ya juya babur ya koma inda ya fito. Ɗayyabu ya ce daga baya, bai taɓa tsanar mutum kamar yadda ya tsani Ukasha a wannan lokacin ba.

Abin da bai sani ba shi ne, a saman tudu Ukasha ya wuce wata tifa cike da yashi, kuma shi kaɗai ya san tana tafe. Ya koma bayan kwanar ya tsaya yana ɗaga hannu. Direban ya gan shi sarai, amma a hanyar nan ba direban da ke tsayawa don wani ya ɗaga hannu a daji, ko da rana tsaka, saboda ta haka ake tare mutane a yi musu fashi. Sai ma ya ƙara wuta yana hon. Ukasha ya gane ba za a tsaya masa ba. Ya sauka, ya kwantar da babur ɗinsa a gicciye a tsakiyar hannu ɗayan da ya rage, babur ɗin da ledar kujerarsa ma bai cire ba, wanda da shi yake ci da iyalinsa, ya tsaya a bayansa hannuwa a sama. Bai yi tsalle gefe ba sai da ya ji ƙarar birki. Tifar ta hau kan babur, ta ja shi a ƙarƙashinta yana fitar da wuta, ta karyo kwanar a hankali tana huci, ta tsaya. Ɗayyabu yana kwance yana kallon tayoyinta, yana jin zafin injinta a fuskarsa.

Kafin nan manoman da ke maimai a gonakin bakin hanya sun jefar da fartanyu sun sheƙo. Mutanen kirki ne, kuma saura kaɗan kirkin nasu ya kashe ta. Wasu suka kama babur za su ɗaga, duk ɗagawa ɗaya sai taya ta ƙara jan wuyan. Wani ya kama bakin hijabin yana ja, murɗin yana ƙara shiga nama. Wuyan kansa kuwa ba wanda ya kai masa hannu. Matar aure ce, mijinta yana nan yana kallo, kuma kowa ya san cire hijabin nan yana nufin buɗe mata kai da ƙirji a gaban maza. Wani dattijo yana ta faɗin, "A nemo mace! Ba mace a kusa?" Babu. Shure-shuren Hansatu ya fara raguwa.

Ilyasu da ke gaba ya ji ƙarar tifa ya juyo. Ya ratsa mutane, ya durƙusa, ya duba. Ya ce, "Ku saki babur ɗin. Ku sake shi na ce! Kowa ya juya baya." Ya buɗe zabira ya zaro aska. Tsakanin taya da wuya ba sarari ko na yatsa, inda aska za ta iya kaiwa kawai shi ne kan wuyan, ƙasan kunne, daidai inda jijiya take. Ilyasu ya san wurin, ya kuma san idan hannunsa ya goce, har ya mutu sunansa wanzamin da ya yanka matar abokinsa a kan titi, ba kuma mai sake kawo masa kai ko na ɗa. Bai nemi izinin Ɗayyabu ba. Ya yi bismilla, ya riƙa bin ƙyallen zare-zare daga waje zuwa ciki, har ya ji ya saki. Ko ƙwarzane bai yi mata ba. Kafin ta ja numfashin farko ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya zauna a kan kwalta da 'yar shara yana kallon askar.

Wata motar kasuwa ta kwashe su zuwa asibiti. Likita ya duba ya ce uwa da abin da ke cikinta suna lafiya. A barandar asibitin, ƙafarsa naɗe da bandeji, Ɗayyabu ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya ƙara. Ya ɗaga hannu a gaban mutane ya ce, in Allah ya sauke ta lafiya kuma namiji ne, zai sa masa sunan wanda ya cece su.

Allah ya sauke ta lafiya kafin a fara girbi, kuma namiji ne. A nan Ɗayyabu ya tarar ya ce "wanda", alhali mutum uku ne.

Ya tambayi Hansatu. Tana zaune a bakin gado, tabon ƙyallen bai gama ɓacewa daga wuyanta ba. Ta ce, "Malam, ni me na gani? Na san mun faɗa rami, sai na farka a cikin rigar wani. Kai ne idonka biyu."

Ya je wurin liman ya tambaya ko za a haɗa sunayen. Liman ya yi murmushi ya ce, "Ɗayyabu, yaro ɗaya ne. Wanne uwarsa za ta ɓoye don alkunya, da wanne za a kira shi makaranta?" Wani ya ba shi shawara ya sa ɗaya yanzu, sauran su jira ƙanne. Amma a gidan da aka daɗe ana jiran ɗa guda ba a yin alkawari da na gaba. Ban da haka, kowa ya san yaron nan ne ke kan babur ran nan, ba ƙannensa ba.

Ana gobe suna, da la'asar, ya tara su ukun a zaurensa. Haladu da hannu ɗaure da karare, Ukasha da ƙurar tafiyar ƙasa a ƙafa, Ilyasu yana wasa askar da zai yi wa jariri aski da ita. Ɗayyabu ya yi musu godiya, ya faɗa musu ya rasa sunan wanda zai sa a cikinsu.

Ukasha ya ce, "Kai mutumina, bar wahalar da kanka. Ka sa Haladu. Tun da aka haife shi sau ɗaya ya yi gudu, a bar masa abin tunawa."

Haladu ya ce, "Ni da na kayar da mai ciki a titi? Har yau surukar Ɗayyabu in ta gan ni sai ta yi salati. A sa Sarkin Aska, shi ya dawo da numfashi."

Ilyasu bai ɗaga kai daga dutsen washi ba. Ya ce, "Ni ƙyalle na yanka, tela ma zai iya. Da tifar nan ta sauko, me zan tarar in yanka? Ga wanda ke tafiya a ƙasa kamar baƙo, shi za a sa."

"Ƙarfe ne fa," in ji Ukasha. "Ana sayen wani."

"To sayo mana mu gani," in ji Haladu.

Suka yi dariya su duka. Amma Ɗayyabu ya san abokansa. Ya lura duk wanda aka ambaci sunansa sai ya sunkuyar da kai, kuma ba wanda ya ƙi da ƙarfi. Kowannensu yana so, kunya ce kawai ta hana shi faɗa.

A garin ma magana ta rabu. Masu bayan Haladu suna cewa shi ya fara gani, shi ya sa jikinsa, kuma ba don ya rage gudun ba, sauran biyun gawa za su tarar. Masu ja da su suna cewa faɗuwar ma ai shi ya jawo ta. Masu bayan Ukasha suna cewa rai uku ya tsare, da miji da mata da ɗa, ya ba da abin da yake ci da shi, ya kuma yarda a ɗauke shi matsoraci don ya yi abin da ya dace. Masu ja da su suna cewa da tifa ta tsaya ma, Hansatu tana nan tana mutuwa. Masu bayan Ilyasu suna cewa maza nawa ne suka tsaya a kanta suna kallo, shi kaɗai ya iya sa hannu, ya kuma rufa mata asiri. Masu ja da su suna cewa shi bai karye ba, bai yi asarar ko allura ba.

Gari ya waye. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro, rago yana ɗaure a jikin darbejiya. Su ukun suna zaune a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Liman ya gyara zama, ya miƙo kunnensa wajen bakin Ɗayyabu.

To, ku da kuka ji yadda aka yi a gangaren Makera, in ku ne Ɗayyabu, sunan wa za ku raɗa wa liman: Haladu, ko Ukasha, ko Ilyasu?