Haƙorin Maigari da Akuyar Tabawa

Au, akuyar Tabawa kike tambaya? Ai tana nan, har ta haifi biyu. Matso ki ji.

Maigari ne zai yi manyan baƙi, ya ce kowane gida a kawo akuya ɗaya. Tabawa kuwa guda ɗaya gare ta tal, ita take tatsa wa jikokinta. Ta je ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Alhaji Nadabo mai ɗari ya ba da ɗaya, ni mai ɗaya ma in ba da ɗaya?"

"Ɗaya ai ɗaya ce, Tabawa. Nuna min inda ɗaya ta fi ɗaya kafin in tashi, ki koma da abarki."

"Ko a ina ɗaya ɗaya ce?"

"Ko a ina!"

"Madalla. A kira wanzami, ya cire min haƙori ɗaya, ya cire maka ɗaya. Da ni ma za a fara." Ta wangale baki, haƙora reras kamar masara.

Shi kuwa bawan Allah, haƙori ɗaya ya rage masa duk duniya, da shi yake gatsar goro. Sai ya dafe baki.

"Ke! Nawa fa shi ke nan!"

"Tawa ma ita ke nan, ranka ya daɗe."

Fadawa suka kwashe da dariya. Sai ga wanzami ya iso da zabirarsa, yana tambayar da wa za a fara.

Maigari ta bayan tafin hannu ya ce, "Je ki da akuyarki! Ku kuma ku fitar min da mutumin nan!"

Bari in leƙa waje, masu sayen ƙosai sun taru.